Martani: Malam, Baƙin Ƙarfe Ya Riga Ya Ba Ka Amsa

Malam, ka rubuta cewa sinadarin da ke ɗauke da baƙin ƙarfe ba zai taɓa gudanar da lantarki ba tare da tirjiya ba, wai maganaɗisu ba ya barin hakan. Wannan magana ta tsufa.

A 2008, Hideo Hosono da abokan aikinsa a Japan suka haɗa baƙin ƙarfe da lantanam da arsenik da iskar oksijin, suka ɗan sanya fulorin. Tirjiya ta ɓace a kelbin 26. Cikin watanni kaɗan masana a Sin suka maye gurbin lantanam da samariyam, suka kai kelbin 55.

Abin da ka tsallake shi ne, a asalin sinadarin, ƙwayoyin ƙarfen suna jera maganaɗisunsu ne sahu-sahu, wannan sahu na saɓa wa wancan. Fulorin ke rushe jeren, sai ilektron su haɗu bibbiyu su wuce sumul. Masana da dama ma suna ganin girgizar maganaɗisun ce ke haɗa su.

Ra'ayi riga ne, amma kimiyya awo take bi. Ka janye maganarka, ɗalibai na karanta ka.