Miyagun ƙwayoyi: abin da ya sa ɗalibai ke ganin shari'a na da ma'auni biyu

Daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zuwa Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da André Salifou ta Damagaram, in zancen ƙwaya ya taso a fada, ɗalibai da dama kan ƙare da magana guda: ɗan talaka da aka kama da ƴan ƙwayoyin tramol a aljihu yana kwana gidan kaso, mai uwa a gindin murhu kuwa ba ya cin tuwo gaya.

A takarda ba haka abin yake ba. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta shekarar 1999 ta raba mai sha da mai fatauci, kuma ta fi tsananta wa mai fataucin. Manyan ma ana kama su. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai. A Janairun 2022 an kama magajin garin Fachi da hodar ibilis fiye da kilo 200 cikin mota a jihar Agadez.

Bambancin yana farawa ne bayan kamu. Matashin da aka cafke da kaya a hannu ana iya gurfanar da shi cikin ƴan kwanaki, sau da yawa ba lauya, tun da mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune. Shari'ar manyan fatake kan wuce hannun alƙali mai bincike, ta ɗauki watanni ko shekaru, lauyoyi na neman sakin talala. Ranar kamu ana baje kayan gaban ƴan jarida, ranar hukunci kuwa ba kasafai labari ke fita ba. Ɗalibi ya ga maƙwabcinsa a kaso da idonsa, bai ji ƙarshen shari'ar tan-tan ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Tun 2011 aka kafa ANAJJ domin taimaka wa marasa hali a gaban kotu, saura ta samu kuɗi da lauyoyi a jihohi. Ma'aikatar shari'a kuma tana iya bayyana wa jama'a hukuncin kowace babbar shari'ar ƙwaya kamar yadda ake bayyana kamun.

Cikin waɗannan ɗalibai ne alƙalai da kwamishinonin ƴan sanda na gobe za su fito. In suka kama aiki da yaƙinin cewa kuɗi da sanayya ke yanke hukunci, da wuya su yi wa ɗan talakan da ya zo gabansu abin da ya saɓa wa hakan.