Kuɗin Kallo Daban, Kuɗin Girki Daban

A hawa na shida na wani tsohon gini da ke bakin kogin Sen a birnin Paris akwai gidan cin abinci mai suna La Tour d'Argent. Wanda ya dace da tebur a bakin taga zai ga majami'ar Notre-Dame a gabansa, jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido suna ta giftawa a ƙasa. Masu gidan sun ce tun 1582 ake girki a wurin, kodayake masana tarihi suna ja da wannan lissafi. Tagar da ake rububi a kanta kuwa ba ta kai haka tsufa ba, domin sai a 1936 mai gidan, André Terrail, ya hau da ɗakin cin abinci sama.

Abin da ya yi wa gidan suna shi ne agwagwa. Tun 1890 Frédéric Delair, mai gidan a lokacin, ya ƙirƙiro al'adar ba kowace agwagwa lamba, a miƙa wa wanda ya ci kati mai ɗauke da lambar tasa. A 2003 aka ci ta miliyan ɗaya.

Aikin a gaban mai ci ake yin sa. Za a kawo agwagwar ba ta gama gasuwa ba, ma'aikaci ya yanke ƙirji da cinyoyi, ya zuba ƙasusuwan cikin wata matsa ta azurfa, ya riƙa murza ta a hankali har jini da romo su tsiyayo. Da wannan ruwan ake haɗa miya, a sa hanta da barasa. Musulmin da ya je wurin sai ya yi hattara: ba yanka agwagwar ake yi ba, shaƙe ta ake don jinin ya tsaya a jiki. Ko kifi zai ci, gara ya tambayi abin da aka zuba a miyar.

To, gidan da ke da irin wannan taga da wannan tarihi, me kuma ya rage masa? Amsar tana wajen Michelin, littafin nan na Faransa mai raba wa gidajen abinci taurari. Shekara da shekaru La Tour d'Argent na riƙe da taurari uku, matsayin da babu na sama da shi. A 1996 aka karɓe ɗaya, a 2006 aka karɓe na biyu. A tsakanin nan Notre-Dame ba ta gusa ba, kogin bai ƙafe ba, azurfar tana nan da ƙyallinta. Masu binciken Michelin abin da ke cikin faranti suke aunawa, kuma a ganinsu nan ne gidan ya ja baya.

Wannan cuta ce da ke bin gidajen abinci na saman bene a ko'ina. Mai irin wannan wuri ya san baƙi za su zo ko da girkin ya yi sanyi, saboda ranar tunawa da aure, ko don hoton da za a sa a Instagram. Da yawansu sau ɗaya za su zo, ba kuma za su dawo su yi ƙorafi ba. Sai abin ya zama kamar gidan bikin da aka kashe kuɗi kan rumfa da makaɗa, aka bar baƙi da shinkafar jiya. Mai ci ya biya kuɗin abinci da na kallo a takarda ɗaya, bai san nawa ne na wane ba.

Wasu na ganin maganin shi ne a watsar da tsohon yayi baki ɗaya, a kwashe farin ƙyallen tebur da ma'aikata masu baƙar kwat. A nan sun yi kuskure. Zaman awa uku babu mai azalzalar mutum ya tashi, da ma'aikacin da ya shafe shekaru yana koyon yanka nama a gaban baƙo, abubuwa ne da suka yi ƙaranci, kuma sun cancanci kuɗinsu. Laifin yana farawa ne lokacin da aka mai da su mayafin rufe rauni a madafa.

Da alama iyalan Terrail sun gane haka. A 2022 suka rufe gidan fiye da shekara guda don gyara, suka sake buɗewa a 2023. Cikin sauye-sauyen da aka yi har da buɗe madafar ta fuskanci ɗakin cin abinci, ta yadda mai ci zai iya kawar da kai daga majami'ar ya ga masu girki a bakin aiki. Da tauraronsa ɗaya gidan ya dawo, sauran biyun kuma sai an sake nemo su a bakin murhu.