A je har Gugaram neman ƴan kokowa

A Tawa aka fara kokowar takobi, a 1975. Yanzu jahohi 8 ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10. To, goman nan na jahar Agadas, ina ya kamata a nemo su?

A ganina, kada zaɓe ya tsaya cikin Agadas da Arlit kawai. Saurayin Gugaram da ke jan guga tun asuba yana da ƙarfi, amma ba shi da kuɗin mota. Wa zai gan shi?

Masu zaɓe su fita karkara tun kafin sanyi ya shigo, su haɗa samari kokowa. Wanda ya yi kaye, a biya mishi mota zuwa Arlit, ya gwada da ƴan birni.