Ra'ayi: Hunturu da motocin gazuwal a Dantchiao, laifin na wa ne?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, da zarar iskar hunturu ta kankama, tashoshin mota a karkarar Magariya da Dungas kan tashi da rigima tun da asuba. Direba na murza makulli, inji na tari, yaran mota na jiran a ce su tura. A Dantchiao, inda buhunan wake, riɗi da gyaɗa ke jiran a kai su kasuwa, awa biyu da aka ɓata wajen tada mota na iya cinye ribar yini. Mai dabbobin da ya nufi kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai tarar an ci rabin kasuwa. Idan kuma mai naƙuda ce za a kai asibitin Magariya, magana ta zama ta rai.

Kowa sanyi yake ɗora wa laifi. Amma yawancin waɗannan motoci tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai, inda suka yi shekaru suna tashi cikin ƙanƙara. Sanyin jihar Damagaram kuwa, ko a watan Janairu, bai kai ya daskarar da gazuwal ba. Abin da hunturu ke yi shi ne tona asirin gyaran da aka yi ta ɗagewa.

Injin gazuwal, wanda a Najeriya ake kira dizal, ba ya amfani da tartsatsin wuta kamar na fetur. Iska yake matsewa har zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai ya kama. Idan ƙarfen inji ya kwana cikin sanyi, sai ya zuƙe wannan zafi. Shi ya sa aka sa masa bujin ɗumama inji. Direba zai kunna makulli, ya jira fitilarsu ta mutu a gabansa, kafin ya tada mota. Buji ɗaya ko biyu da suka ƙone sun isa su sa mota gardama da farin hayaƙi.

Batir ma haka. Zafin Afrilu da Mayu ne ke cinye ƙarfinsa a ɓoye, sai safiyar hunturu, lokacin da baƙin mai ya yi kauri, gazawarsa ke bayyana. Ga ƙurar da ke toshe matatar iska. Ga man da ke kwana a jarka a bakin hanya, wanda kan haɗu da ruwa ko datti, alhali matatar SORAZ da ke wannan jiha tana tace gazuwal tun shekarar 2011.

Abin takaici shi ne dabarun da wasu ke yi. Hura wuta a ƙarƙashin inji na iya ƙona tiyo da wayoyi, ya tashi da motar baki ɗaya. Zuba fetur a hanyar iska na iya fasa inji. Tura mota ɗauke da kaya kuwa yaran mota ne ke ɗaukar kasadarsa. Haka nan danne makulli babu sassauci: daƙiƙa 10 zuwa 15 sun isa, sai a huta kafin a sake, in ba haka ba batir da na'urar tada inji su tafi tare.

Direbobi za su ce kuɗi ne babu, kuma gaskiya ne kayan gyara sun yi tsada. Sai dai kuɗin buji da matatar iska bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba.

A nan ne 'yan uwa mazauna Yamai, Kano, Agadas ko Libiya ke da rawar takawa. Da yawansu su suka sayi motocin da ƙannensu ke aiki da su a gida. Duk wanda ya turo kuɗin mota, ya kamata a watan Nuwamba ya tambaya ko an gwada batir, an duba buji, an sauya mai. Su ma shugabannin ƙungiyoyin direbobi su hana hura wuta ƙarƙashin mota a cikin tasha, su nemo makanikai su duba motoci kafin sanyi ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.