Wasiƙa ga masu fassara labarai: ku nemi labarin iska kafin ku ce dusar ƙanƙara ta zaftare

'Yan'uwana masu fassara labaran duniya a gidajen rediyo da jaridun Hausa.

Kowace shekara, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da muke fama da hazo da tsagewar leɓe, labari kan iso teburinku cewa dusar ƙanƙara ta zaftare daga wani tsauni ta binne mutane. Yawancinmu kan faɗi adadin mamata da sunan ƙasa mu wuce. Haka ni ma na yi ta yi, har ranar da wani mai sauraro ya aiko yana tambaya ko ƙanƙarar Turai takan kai girman da za ta danne gida. Shi ƙanƙarar damina ya sani, wadda ke yayyaga ganyen masara. Tun daga ranar na gane cewa kalmomi nake miƙa wa mutane ba tare da sun ga abin da ya faru ba, kuma abin da na fi bari a baya shi ne iska.

Dusar da ta sauko daga sama ba ta zama inda ta faɗi. Sabuwa, busasshiya, ba ta da nauyi, iskar da gudunta bai wuce kilomita 20 a awa ba tana iya fara tashinta. Wasu ƙwayoyin sukan gangara a ƙasa suna mirginawa. Wasu sukan yi tsalle, su tashi kamar taƙi guda su faɗo, su bugi 'yan'uwansu su ma su tashi, kuma da wannan tsalle-tsallen ake fara kwashe yawancin kayan. Mafi ƙanƙanta kuwa iska kan ɗauke su sama su yi ta yawo, har sama da ƙasa su zama fari ɗaya, mutum ya kasa ganin sawun da ya taka. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, abin da take kwasa kan ninka kusan sau takwas.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan jigawa ranar iska ya riga ya ga wannan da idonsa: rairayi na dukan ƙwaurinsa, ƙura kuma na tafiya can sama kamar wadda ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe mana rana a hunturu. Ilimin ma daga hamada ya taso. Ralph Bagnold, wani hafsan sojan Birtaniya da ya yi shekaru yana ratsa hamadar Libiya, shi ya wallafa littafi a 1941 a kan yadda iska ke tafiyar da rairayi, kuma masu binciken dusar ƙanƙara a kan aikinsa suka ɗora nasu. Saboda haka kada ku ji nauyin yi wa mai sauraro misali da abin da ya sani. Yadda rairayi ke taruwa a bayan darni, haka dusa ke taruwa a bayan tsauni, a gefen da iska ba ta bugawa. Shingen da ake kafawa a yankunan Gure da Maine-Soroa don tsayar da tudun rairayi, irin aikinsa shingen katako ke yi a saman tsaunukan Turai.

Amma ku san inda misalin ya tsaya, domin a nan haɗarin yake. Rairayi ba ya mannewa. Ita dusa, tsalle-tsallen nan yana farfasa ƙwayoyinta su zama gari, kuma idan suka sauka a bayan tsauni sai su matse, su kama juna cikin 'yan sa'o'i, su zama kamar daɓe. Ƙarƙashin daɓen sau da yawa akwai tsohuwar dusa mai warwarewa kamar sukari. Ga nauyi a sama, ga rauni a ƙasa, ga gangare. Taku ɗaya na mai wasan zamiya ya isa ya tsaga daɓen, tsagar ta ruga gefe da gefe, falle guda mai faɗin gona ya sulluɓo gaba ɗaya. Galibi hakan na faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45. A bakin tsaunin kuma iska kan gina wani leɓe na dusa da ke leƙo waje ba komai a ƙarƙashinsa, mai tafiya ya ɗauka ƙasa yake takawa.

A Galtur, wani ƙauye a yankin Tirol na Ostiriya, an yi makonni dusa na sauka, iska mai ƙarfi kuma tana kwaso ta tana jibgewa a gangaren da ke saman garin. Ranar 23 ga Fabrairu 1999 ta zaftare, ta shiga unguwar da aka daɗe ana ɗauka ba ta cikin haɗari, ta kashe mutum 31. Wanda ya ba da wannan labari bai ambaci iska ba, rabinsa ya bayar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke nuna wa mai sauraro cewa da sama ta washe an tsira. Iska tana iya ci gaba da loda wa gangare kaya alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta sauka daga sama, rana ma tana haske. Gangaren da ya zaftare sau ɗaya kuma bai zama lallai ya gama ba. A lardin Van na Turkiyya, ranar 4 ga Fabrairu 2020 dusa ta binne motoci a kan hanya, washegari masu ceto na cikin tono sai ta biyu ta sauko musu. Fiye da mutum 40 suka rasu, kuma yawancinsu ta biyun ce ta tafi da su. Idan kuka ji an dakatar da aikin ceto saboda iska, ku bayyana dalilin, kada mai sauraro ya ɗauka sakaci ne ko rashin tausayi.

Sai maganar matakan gargaɗi. Ƙasashen Turai sun amince da ma'auni ɗaya mai matakai biyar tun 1993, kuma da shi cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan ke fitar da sanarwarta. Na sha jin an fassara mataki na uku da "matsakaici" don kawai yana tsakiyar biyar. Kuskure ne mai nauyi. Na biyu shi ne matsakaici. Na uku haɗari ne babba, kuma a Suwizalan a wannan mataki aka fi rasa rayuka, domin bai kai tsananin da zai hana mutane fita ba.

Masu sauraronmu ba a Kano da Damagaram kaɗai suke ba. Akwai ɗalibai a Turkiyya, akwai ma'aikata a Italiya da Faransa, akwai kuma matasan da ke ƙetara tsaunukan Alps da ƙafa cikin dare a tsakiyar sanyi. Wani daga cikinsu da Hausa zai fara jin wannan bayani, a bakinku.

Don haka ina roƙonku, duk ranar da irin wannan labari ya zo, ku koma cikin rahoton ku duba ta ina iska ta buso, da wane ƙarfi, kwana nawa ta yi tana busawa. Jimla ɗaya ta isa ta ɗauki wannan bayani, ku sa ta kafin ku shiga ɗakin karanta labarai.