KU SAN DUNIYA: DAGA YAMAI ZUWA JIDDA A JIRGIN SAMA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu duba hanyar da maniyyatanmu suke bi. Da yawa suna jin an ce jirgi ya tashi da dare ya sauka da asuba, sai su ɗauka Makka nan kusa take. Ba haka ba ne.

Tsakanin Yamai da Jidda, in an miƙe sak ta sama, akwai wajen kilomita 4.000. Ku gwada da abin da kuka sani: daga Yamai zuwa Damagaram a mota kusan kilomita 900 ne. Ke nan sai an yi wannan tafiya sau huɗu, da ƙari. Babban jirgi yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, shi ya sa yake gama ta cikin awa 5 da ɗoriya. Miƙaƙƙiyar hanya tana ratsa arewacin Cadi da Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Amma bayan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 an rufe sararin samanta, jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙaru.

Abin dariya shi ne na mutumin Damagaram da ya je Yamai hawan jirgi. Ya wuni a mota yana yin yamma, sa'an nan jirgi ya maido shi gabas, ya bi da shi ta arewa da gonarsa. Daga Damagaram zuwa Jidda bai kai kilomita 3.400 ba.

Kakanninmu a ƙasa suka yi ta, da ƙafa da jakai. Su bi ta Barno, su shiga Abeshe, su kai Fashir, su kai Hartum, har bakin ruwa a Suwakin. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara, a ci gaba. Wani ya yi shekaru a hanya, wani ya yi aure can bai sake ganin gida ba. Asalin Hausawan Sudan da yawa ke nan.

To, ga abin da maniyyaci zai riƙe. Agogon Saudiya yana gaba da namu da awa 2. In jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5, agogonka zai nuna ƙarfe 3, alhali a Jidda ƙarfe 5 ta yi. Ka gyara agogo tun a cikin jirgi saboda salla.

Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, ya tambayi malamin ayarinsu batun harami tun yana Yamai, kada tufafin haraminsa su shige cikin babbar jaka da ake sawa a ƙarƙashin jirgi. Wanda za a fara kaiwa Madina kuwa yana da sauran lokaci, kuma akwai wata tafiyar mota ta fiye da kilomita 400 a gabansa kafin ya ga Ka'aba.