Bulala Ba Ta Koyar da Haddar Sau

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a gidanmu a ƙasar Bici lokacin hutun da ya wuce, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai yake ba.

Ina da ƙanwa 'yar shekara 9. Tun ranar da aka tsayar da ita gaban aji aka tambaye ta bakwai sau takwas, ta kasa, aka zane ta 'yan aji suna dariya, ta ce ita da boko har abada. Yanzu a gida take. Da safe ta je makarantar allo, da yamma wanmu ya zaunar da ita a zaure da littafin lissafi da tsumagiya. Da ya ce "shida sau bakwai", sai jikinta ya ɗauki ɓari, idonta ya cika da hawaye, ko wanda ta sani jiya ya gudu. Har an fara ce mata daƙiƙiya.

To, ga abin mamaki. Yarinyar nan ita ke kai wa Inna tallar gyaɗa. Na ga wani ya ɗauki ƙulli 7 na naira hamsin-hamsin ya miƙa mata naira 500, kafin ya rufe baki ta ba shi canjin 150. Wannan ba sau ba ne? Ashe kanta lafiya lau. Tsoro ne ciwonta, domin zuciyar da ke lissafin inda bulala za ta sauka ba ta da wurin lissafin lamba.

Ni a ganina, yaran da ke karatu a gida, ko don nisan makaranta, ko rashin hali, ko tsoro irin na ƙanwata, abu uku suke bukata.

Na farko, a fara da harshensu da abin da idonsu ya saba gani. Yara da yawa suna rera jadawalin sau da Turanci kamar waƙa ba su san ma'anarsa ba, in aka tare su a tsakiya sai sun koma farko. Alhali tsarin ilmi na ƙasa na 1977 cewa ya yi a soma koyar da yaro da harshen uwa. Mu manoma ne. A ja kunya 4 a ƙasa, a jera ƙwayar masara 6 a kowace, yaro ya ƙirga ya sami 24. Sannan ya zagaya gefe, sai ya ga layi 6 na hurhuɗu, masara kuwa ba ta ƙaru ba. Da kansa ya gano huɗu sau shida daidai yake da shida sau huɗu. Salla 5 a kwana 7 ta zama 35. Izu 60, kowanne da sumuni 8, ya zama 480. Duk wannan yana cikin gidanmu.

Na biyu, a nuna wa yaro dutsen bai kai girman da yake zato ba. Daga ɗaya sau ɗaya zuwa goma sau goma amsa 100 ce. Amma tun da juyawa ba ta sauya amsa, saura 55. A cire gidan ɗaya da na goma, da kowa ya iya, saura 36. A cire gidan biyu, wanda ninki ne kawai, da gidan biyar na 'yan talla, saura 21. Gidan tara kuma yana yatsu. In ana son tara sau bakwai, a buɗe yatsu goma, a lanƙwashe na bakwai daga hagu. Shida na hagunsa, uku na damansa, wato 63. Saura 15 ke nan. Yaron da ya haddace izu guda zai gagara haddace 15? Gidan sha ɗaya da sha biyu ma kada su tayar da hankali. Iyayenmu sun bukaci gidan sha biyu sosai ne domin kwabo 12 ke yin sule, kafin a kawo naira a 1973.

Na uku, a ajiye tsumagiya, a daina gaggawa. Minti goma kullum bayan la'asar ya fi awa biyu na kuka ranar Juma'a. In yaro ya yi kuskure a ce, "Zo mu ƙirga mu gani." Kada kuma uwa ko yaya su riƙa cewa a gabansa, "Mu gidanmu ba mu da kan lissafi," don yaro abin da ya ji shi yake ɗauka.

Na san wasu iyayenmu za su ce, "Ai mu da bulala muka koya, kuma hadda dole ce." Gaskiya ne, hadda dole ce, don wanda bai riƙe sau ba zai sha wuya a rabawa da duk lissafin gaba. Amma gane abu ya kamata ya riga haddace shi. Game da bulala kuwa, ina roƙon iyayenmu, cikin ladabi, su tuna abokan da suka shiga aji ɗaya tare da su lokacin ilmin firamare kyauta na 1976. Nawa ne suka gudu ba su dawo ba? Waɗanda suka jure ake gani, ba a ƙirga waɗanda dukan ya kora.

Kada kuma wani ya ce lissafi na Bature ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci kan jera lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana suna ambatonsa. Kakanninmu kuma da wuri suke ciniki, suna ƙirga wuri 20,000 su kira shi keso.

Abin da nake tsoro shi ne, yaron da ya girma yana gudun lamba shi za a cuta ranar da ya kai kwandunan tumatir kasuwar Badume, shi ne kuma ba zai san buhun taki nawa gonarsa ke ci ba.

Kafin hutu ya ƙare ƙanwata ta iya gidan biyu har zuwa na shida da na tara, da tsakuwa da ƙwayar masara kawai. Ranar da zan dawo makaranta ita ta tare ni da bakwai sau takwas, ta ba kanta amsa tana dariya. Baba ya ce in ta yarda zai mayar da ita aji, abin da nake fata ke nan, domin karatun zaure ba zai maye gurbin makaranta ba.

Don haka 'yan'uwana, hutu mai zuwa kowa ya ɗauki ƙane ko ƙanwa guda. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Allah Ya sa mu dace, amin.